Yadda Ake Gina Hanya a Ƙarƙashin Teku

Ran 1 ga watan Desamba na shekara ta 1990, wajen tsakar rana, wasu ma'aikata biyu suka gaisa hannu da hannu ta wata ƴar kafa da suka huda a jikin bangon alli. Ɗaya Bafaranshe ne mai suna Philippe Cozette, ɗayan kuma Baturen Ingila, Graham Fagg. Wurin da suka yi wannan gaisuwa yana ƙarƙashin tekun Mansh, wajen metir 40 ƙasa da gindin ruwa. Ayarin Faransa ya yiwo gina ta kilometir 15 da rabi daga gaɓarsa, na Ingila kuma kilometir 22 da ɗoriya. Shekara uku ke nan suna tunkarar juna cikin duhu, babu mai ganin wani, amma da aka auna sai aka taras saɓanin da ke tsakanin ramukan biyu bai wuce santimetir 36 a gefe ba, da santimetir 6 a tsaye.

Ran 6 ga watan Mayu na 1994 Sarauniya Elizabeth ta biyu da Shugaba François Mitterrand suka buɗe hanyar. Tsawonta kilometir 50 da rabi, 38 daga ciki a ƙarƙashin teku, kuma jirgin ƙasa mai ɗauke da motoci yana ƙetare ta cikin minti 35. To, wanda ya ji wannan labari dole ya yi tambaya biyu: me ya hana a yi gada, kuma ta yaya ɗan Adam ke gina rami a ƙarƙashin ruwa ba tare da ruwan ya cinye shi ba?

Gada ta fi araha a inda ruwa bai cika faɗi ba, kuma manyan jirage ba su bi. Shi ya sa gadar Kennedy da aka buɗe a Yamai cikin 1970 ta wadatar wajen haɗa gaɓoɓi biyu na kogin Isa. Amma tekun Mansh, a inda ya fi ƙunci, ya kai kilometir 33, ɗaruruwan jirage na ratsa shi kowace rana, ga hazo ga guguwa. Ginshiƙan gada a irin wannan wuri tarko ne ga jirage. A wani wurin kuma filin jirgin sama ne ke kusa, ba shi yiwuwa a ta da dogayen ginshiƙai. Idan sama ta ƙi, sai a nemi ƙasa.

Nauyin ruwa

Babban abokin gaban masu wannan aiki shi ne nauyin ruwa. Ganga biyar masu cin litir 200 kowace, idan aka cika su da ruwa, nauyinsu ton guda ke nan. Haka nan duk metir guda da aka nutsa, ruwa na ƙara danna ton guda bisa kowane fili mai metir ɗaya tsawo da metir ɗaya faɗi. Wuri mafi zurfi na hanyar Mansh yana metir 75 ƙasa da fuskar teku, watau ruwan da ke cikin tsagar dutse a wurin yana iya tura bango da ƙarfin ton 75 a kowane irin wannan fili. Ruwa kuma ba daga sama kaɗai yake dannawa ba. Yana turowa daga gefe, yana turowa daga ƙasa, kuma duk ƴar tsagar da ya samu sai ya faɗaɗa ta.

Sabili da haka aikin farko shi ne sanin ƙasar da ke ƙarƙashin ruwan. A tsakiyar ƙarni na 19 wani injiniya Bafaranshe, Aimé Thomé de Gamond, ya riƙa ɗaura ma jikinsa duwatsu yana nitso har wajen metir 30 cikin tekun Mansh, domin ya ɗebo samfurin ƙasar gindin teku da hannunsa. A yau jirage ne ke tsayawa bisa ruwa su zura dogon ƙarfen haƙa, su zaro ƙasa sala-sala kamar rake, a kai ta ɗakin bincike. Ana kuma aika ƙara cikin ƙasa a saurari amsa-kuwwarta, da haka ake gane inda dutse yake da inda laka take. Abin da binciken ya nuna shi ke zaɓen dabarar da za a bi, kuma manyan dabarun uku ne: a gina da inji cikin garkuwa, ko a fasa dutse da nakiya, ko kuma a ƙera ramin a tudu a kai shi a nutsar.

Darasin tsutsar jirgi

Hanya ta farko da aka yi nasarar ginawa a ƙarƙashin kogin da jirage ke bi tana birnin Landan, ƙarƙashin kogin Tamiz. Mai aikin, Marc Brunel, haifaffen Faransa ne da ya zauna Ingila. Ya lura da wata tsutsar teku mai cin katakon jirage kamar yadda gara ke cin azara: kanta na da ɓawo mai tauri da take huda itace da shi, kuma tana tafe tana shafe bangon raminta da wani abu mai daskarewa, don kada ramin ya rufta mata. Daga nan ya ƙago abin da ake kira garkuwa, ya yi rajistarta cikin 1818.

An soma aiki cikin 1825, kuma matakin farko duk maginin rijiyar siminti zai gane shi. Brunel ya gina wata ƙatuwar kawanya ta jan tubali a bisa ƙasa, faɗinta metir 15, sa'an nan leburori suka shiga ciki suna ƙwaƙule ƙasar da ke ƙarƙashinta, ita kuwa tana nutsewa da nauyin kanta, daidai yadda ake saukar da zoben siminti cikin rijiya idan an iske yashi mai ruwa. Daga gindin wannan rijiya garkuwa ta kama hanya zuwa ƙarƙashin kogi.

Garkuwar ƙarfe ce mai hawa uku, an raba ta ɗaki 36, kowane ɗaki da mutum guda. Gaban kowane mutum an tokare ƙasa da allunan katako. Sai ya cire allo ɗaya, ya ƙwaƙule ƙasa kamar tsawon yatsa ko fiye kaɗan, ya mai da allon ya tokare, ya cire na gaba. In an gama duka sai a tura garkuwar gaba da manyan kusoshi masu murɗawa, magina kuma na biye suna jera tubali a baya. Ta haka babu lokacin da aka bar ƙasa mai yawa a buɗe. Tafiyar hawainiya ce, metir uku ko huɗu a mako.

Duk da haka kogin bai bar su ba. Cikin watan Mayu na 1827 ya fasa ya cika ramin. Aka sauka gindin kogi cikin wata ƙararrawar ƙarfe ta masu nitso, aka gano kafar, aka toshe ta da buhunan yumɓu, aka zuƙe ruwa. Ran 12 ga watan Janairu na 1828 ya sake fasawa, mutum shida suka mutu, ɗan Brunel ɗin ma, Isambard, da ƙyar aka tsamo shi da rai. Kuɗi suka ƙare, aka toshe bakin ramin har shekara bakwai. Da aka koma, ga ruwan ƙazantar birni na ɗiga bisa ma'aikata yana sa su ciwo, ga iska mai kama wuta. Sai cikin 1843 aka buɗe hanyar, tsawonta metir 396 kacal bayan shekara 18. Amma Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa: tun 1869 jiragen ƙasa ke bi ta cikinta, kuma har yanzu suna bi.

Iskar da ke tare ruwa

Waɗanda suka biyo baya sun gyara dabarar. Cikin 1869 Peter Barlow da James Greathead suka yi garkuwa mai siffar da'ira, suka maye tubali da zobban ƙarfen zubi, domin da'ira ta fi kowace siffa jure matsi. Aka kuma ƙaro wata dabara, watau a toshe bayan ramin a hura iska ciki har ƙarfinta ya yi daidai da na ruwan da ke waje. Wanda ya taɓa kifa ƙwarya bisa ruwa ya danna ta ya san iskar da ke ciki ba ta barin ruwa ya shiga.

Wannan dabara ta zo da nata haɗari. Idan iskar ta samu kafa ta tsere sama, nan take ruwa ke maye gurbinta. Haka ta faru cikin watan Yuli na 1880 a ƙarƙashin kogin Hudson na birnin New York, inda ma'aikata 20 suka halaka. Akwai kuma wata cuta da ta riƙa kama ma'aikata in sun fito: ciwon gaɓoɓi mai tsanani, shanyewar jiki, wani lokaci mutuwa. Wani masani Bafaranshe, Paul Bert, ya bayyana dalilinta cikin 1878. Mutumin da ke shaƙar matsattsiyar iska, wani sashe nata da ake kira azot yana narkewa cikin jininsa. In ya fito da gaggawa sai azot ɗin ya taso da kumfa cikin jijiyoyi, kamar kwalbar lemu da aka buɗe farat ɗaya. Maganin shi ne a zaunar da ma'aikaci cikin wani ɗakin ƙarfe a riƙa rage matsin kaɗan kaɗan. Da injiniya Ernest Moir ya kafa irin wannan ɗaki na jinya a aikin Hudson wajen 1890, mace-macen suka ragu ƙwarai.

A birnin Pari kuma, lokacin da ake ƙetarar da jirgin ƙarƙashin ƙasa ta kogin Sen tsakanin 1905 da 1910, an iske wani wuri kusa da Saint-Michel inda ƙasa ta yi ruwa ainun, ga layin dogo a bisa wanda ba a son taɓawa. Sai aka kafa bututai cikin ƙasar, aka riƙa zagaya ruwan gishiri mai tsananin sanyi a cikinsu har laka ta daskare ta zama kamar dutse, aka sare ta, aka gina bango kafin ta narke. Har yau ana amfani da wannan dabara a wuraren da suka gagara.

Gafiyar ƙarfe

Jikar garkuwar Brunel ita ce injin haƙa na zamani, wanda ya cancanci a kira shi gafiyar ƙarfe. Guda 11 aka sa a aikin Mansh. Manyansu faɗin kansu ya kusa metir 9, nauyinsu ya haura ton 1,000, kuma suna jan jerin kekunan kayan aiki mai tsawon metir 200 ko fiye. Kan injin faifai ne mai haƙoran ƙarfe, yana juyawa sannu yana kankare ƙasa. Abin da ya kankaro na bi ta kan bel zuwa taragu, su fitar da shi. A bayan kan, cikin inuwar garkuwa, wani hannun ƙarfe na ɗaukar ɓangarorin kankare da aka riga aka zuba a masana'anta, yana jera su su zama zobe. Sai injin ya tokare ƙafafunsa, ya tura kansa gaba kamar metir ɗaya da rabi, a sake jera wani zobe, a ɗura kunun siminti tsakanin zoben da ƙasa don kada a bar kafa.

Sa'ar da aka yi a Mansh ita ce wani shimfiɗaɗɗen alli mai haɗe da yumɓu, wanda Faransawa ke kira shuɗin alli. Yana da taushin yanka, kuma ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Sai dai kaurinsa bai wuce metir 30 ba, kuma yana hawa yana gangara. A samansa akwai farin alli mai tsage-tsage cike da ruwa, a ƙarƙashinsa kuma yumɓu mai kumbura. Dole direban injin ya bi wannan shimfiɗa kamar mai bin turba cikin dare. Tauraron ɗan Adam ba ya gani cikin ƙasa, sabili da haka da hasken leza ake saita injin: ana harba tsinken haske daga wani wurin da aka auna sarai a baya, ya faɗa bisa allo a jikin injin, kwamfuta kuma ta faɗi ko an karkace. Ana kuma tura siririn ƙarfen bincike gaba, domin a san abin da ke tafe kafin a iske shi.

Gaɓoɓin biyu ba su zo daidai ba. Wajen Ingila allin ya fi bushewa, har wani inji ya yi gina ta fiye da metir 1,700 cikin wata guda. Wajen Faransa kuwa allin a farfashe yake. A garin Sangat sai da aka gina rijiya mai faɗin metir 55 da zurfin metir 65 aka saukar da injuna, kuma injunan rufaffu ne kamar jirgin yaƙi mai nitso, an ƙera su su jure nauyin ruwa na wajen metir 100, zobbansu kuma da roba a kowace mahaɗa. Ƙasar da aka fitar ma kowa da yadda ya yi da tasa. Faransawa sun dama tasu da ruwa suka tura ta bayan wata madatsa a kan tudu, Ingilishi kuma suka zuba tasu a bakin teku, har ƙasarsu ta ƙaru da eka 30 na awon hekta a wurin da ake kira Samphire Hoe. Da manyan injunan suka kusa haɗuwa a tsakiyar teku, aka karkatar da na Ingila suka nutsa ƙasa, aka binne su da kankare, na Faransa suka ƙarasa aikin.

Ramukan uku ne a jere. Biyu na jirgi ne, faɗin kowane metir 7.6, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. Na tsakiya, mai metir 4.8, na ma'aikata ne da ceto, kuma duk bayan metir 375 akwai ƙofa da ke haɗa shi da sauran. Aikin ya ci rayukan ma'aikata aƙalla 10, kuɗinsa kuma ya zarce abin da aka tsara da wajen kashi 80 cikin 100. Abin lura shi ne ba ƙasa ce ta fi jinkirta shi ba. Tun 1802 aka kawo shawarar farko. An soma gina cikin 1880 aka tsaida cikin 1882 don sojojin Ingila na tsoron mamaya, an sake somawa cikin 1974 Ingila ta janye cikin 1975 don rashin kuɗi. Sai bayan yarjejeniyar Canterbury ta 1986 aka yi aikin da ya kai gaci.

Inda inji ya kasa

Ran 26 ga watan Satumba na 1954 guguwa ta kifar da jirgin fito mai suna Toya Maru a mashigin Tsugaru na ƙasar Japon, mutum 1,155 suka mutu. Wannan masifa ita ta ƙarfafa niyyar haɗa tsibiran Honshu da Hokkaido ta ƙarƙashin teku. Ramin Seikan ke nan, mai tsawon kilometir 53.85, kusan nisan Yamai zuwa Sayi, 23 daga ciki a ƙarƙashin ruwa. Ya nutsa har metir 240 ƙasa da fuskar teku, zurfin da ya yi kusa da na ramin ƙarfen uraniyom na Akuta.

Dutsen wurin na aman wuta ne, wani wuri tauri wani wuri ruɓaɓɓe, cike da tsagogin da ke sha daga teku. An gwada injin haƙa ya kasa, aka koma ga nakiya. Amma kafin a fasa ko taƙi guda, sai an yi abu biyu. Da farko a tura ƙarfen bincike gaba a kwance, wani lokaci har kilometir 2. Sa'an nan a huda ramuka kewaye da inda za a bi, a ɗura kunun siminti da wani sinadari mai saurin daskarewa da ƙarfin gaske, har ya cika tsagogin, dutsen ya zama kamar tulu mai kauri kewaye da hanyar. Bayan haka ne ake sa nakiya, a kwashe, a fesa kankare a jikin bango nan da nan, a kafa baka na ƙarfe.

Sau huɗu teku ya yi babbar ɓarkowa. A ta shekarar 1976 ruwa ya riƙa kwarara aƙalla ton 70 kowane minti. Babban aikin ya soma cikin 1971, aka buɗe hanyar ran 13 ga watan Maris na 1988, bayan ma'aikata 34 sun rasa rayukansu. Har gobe famfuna ba su hutawa a can ƙasa, dare da rana suna mai da ma teku abin da ya tsiyayo.

A ƙera a tudu, a nutsar a ruwa

Dabara ta uku ba ta bukatar a shiga ƙarƙashin ƙasa ko kaɗan. An yi amfani da ita a kogin Detroit na Amurka cikin 1910, da birnin Rotterdam na Holand cikin 1942. Ta fi dacewa da ruwa maras zurfi ainun mai laka a gindi.

Ana zuba ramin gunduwa-gunduwa da kankare cikin wani ƙaton kwari a bakin teku. Kowace gunduwa kamar dogon gida ce mai ɗakuna a jere, na mota da na jirgi. Sai a toshe bakunanta biyu da bangon ƙarfe na wucin gadi, a saki ruwa cikin kwarin, gunduwar ta taso tana yawo duk da nauyinta, don cikinta iska ce. Kafin nan jiragen yasa sun riga sun tone dogon lambatu a gindin teku, sun shimfiɗa tsakuwa an daidaita ta. Jirage su ja gunduwar zuwa wurinta, a cika wasu tankuna da ke cikinta da ruwa har ta ɗan fi ruwa nauyi, a saukar da ita da igiyoyin ƙarfe sannu sannu, sai ta zauna dab da ƴar'uwarta.

A nan ne hikimar take. A bakin kowace gunduwa akwai zoben roba mai kauri. Ana jawo sabuwar har robar ta taɓa tsohuwar, sai a sami ɗan ɗaki cike da ruwa tsakanin bangayen ƙarfen biyu. Da an zuƙe ruwan wannan ɗaki, babu sauran abin da ke tokare sabuwar gunduwa ta wannan gefe, alhali teku na nan yana tura ɗaya bakin nata. Misali, baki mai faɗin metir 40 da tsayin metir 9, a zurfin metir 20, ruwa na tura shi da ƙarfin ton 7,200. Wannan ƙarfi shi ke matse robar har ko ɗigo ba ya wucewa. Watau ruwan da ake gudu shi ne ke kulle ƙofa da kansa. Daga nan a cire bangayen ƙarfe, a zuba kankare mai nauyi a daɓen don kada gunduwar ta taso, a rufe ta da yashi da manyan duwatsu saboda ankar jirage.

Da haka aka yi ramin da ke cikin hanyar da ta haɗa Danemark da Suwed cikin shekara ta 2000: gunduwa 20, kowace metir 176, nauyinta ton 55,000. An zaɓi rami a wannan sashe ne don filin jirgin saman Kopenhag na kusa. A Istambul ta Turkiyya, hanyar Marmaray da aka buɗe ran 29 ga watan Oktoba na 2013 ta haɗa Turai da Asiya da gunduwa 11 da aka nutsar har wajen metir 60 cikin mashigin Bosfor. Da yake yankin na girgizar ƙasa ne, an sa mata mahaɗai masu lanƙwasa a bakunan biyu. Aikin ya yi jinkirin shekaru, don masu gina tasha sun ci karo da tsohuwar tashar jiragen Rumawa da gawar jirage 37, dole aka dakata masana tarihi suka kwashe su. Cikin 2020 kuma aka soma wanda zai fi duka tsawo, tsakanin Danemark da Jamus a mashigin Fehmarn: kilometir 18, kamar daga Damagaram zuwa Mirya, da manyan gunduwoyi 79 masu metir 217, kowace ta haura ton 73,000.

Bayan an gama gini

Gama gini ba shi ne ƙarshen aiki ba, domin rami na bukatar numfashi. Hayaƙin mota guba ne a rufaffen wuri. Ramin Holland na New York, da aka buɗe cikin 1927, shi ya soma warware wannan matsala da manyan fankoki 84 masu sauya iskar ciki duk bayan minti ɗaya da rabi. Wahalar fitar da hayaƙi daga rami mai kilometir 50 na cikin dalilan da suka sa a Mansh motoci ba su tafiya da kansu, sai dai jirgi mai lantarki ya ɗauke su.

Sai wuta. Ran 18 ga watan Nuwamba na 1996 wata babbar mota da ke bisa jirgi ta kama wuta a cikin ramin Mansh, zafin ya kai har kankaren bango ya riƙa ɓarewa. Mutanen da ke cikin jirgin suka tsere ta ƙofar ramin tsakiya, wanda kullum ake hura ma iska fiye da sauran don kada hayaƙi ya shige shi. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, ko da yake gyara ya ɗauki wajen wata shida. Ramin nan na uku da ya ƙara ma aikin tsada, a ranar ya biya kuɗinsa.

Akwai kuma gishiri, mai ɓarna a ɓoye. A ƙasar Masar an gina rami mai tsawon metir 1,630 a ƙarƙashin mashigin Suwez, aka buɗe shi a farkon shekarun 1980, aka sa masa sunan Ahmed Hamdi, janar ɗin injiniyoyin soja da ya rasu a yaƙin Oktoba na 1973. Ba a daɗe ba ruwan gishiri ya soma tsiyaya ta mahaɗan zobba, yana cin ƙarfen da ke cikin kankare. Tsakanin 1992 da 1995, da taimakon Japon, aka shimfiɗa rigar hana ruwa aka zuba sabon bango a cikin tsohon. Masar ba ta ja da baya ba: jirgin ƙarƙashin ƙasa na Alƙahira ya ƙetare ƙarƙashin kogin Nilu cikin 1999, kuma cikin 2019 ta buɗe sababbin ramuka a Isma'iliyya da Port Sa'id zuwa yankin Sina'i.

Babban aikin da ya rage ma nahiyar Afirka shi ne mashigin Jibraltar. Tun 1979 Sarki Hassan na biyu na Maroko da Sarki Juan Carlos na Sipaniya suka amince a yi nazarin haɗa ƙasashensu. A inda mashigin ya fi ƙunci kilometir 14 ne kawai, amma zurfin ruwan wurin ya kai wajen metir 900. Sabili da haka masana suka koma yamma, inda zurfin yake wajen metir 300, ko da yake a can sai an yi gina ta kusan kilometir 28 a ƙarƙashin teku. Binciken da aka yi ya kuma gano wasu tsofaffin kwaruruka a tsakiyar mashigin cike da yumɓu maras ƙarfi, ga igiyar ruwa mai tsanani da ke hana jiragen bincike tsayawa wuri guda. An gina ramukan gwaji kusa da Tanja da Tarifa, amma babbar hanyar tana bisa takarda tukuna. Mansh ya jira shekara 192 tsakanin shawarar farko da ranar buɗewa.